Kilti da Tatan na Rundunonin Sikotilan: Gadon Dangi ko Dokar Soja?

Gabatarwa

Kilti wata tufa ce ta ulu da mazan tsaunukan Sikotilan ke ɗaurawa a ƙugu, ta sauka zuwa gwiwa, bayanta kuma a tattare. Tatan kuwa shi ne tsarin saƙarta, wato layukan launi da ke gittawa juna, bisa ƙayyadadden lissafin zare da abawa. Mutane da yawa sun ɗauka cewa kowane tatan gado ne na wani dangi tun kaka da kakanni. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tatan na rundunonin soja daga umurnin hukuma da littattafan masaƙa ya samo asali, sannan dangi suka ara daga baya.

Asalin Tatan na Gwamnati

A shekarar 1725 Janar George Wade ya kafa kamfanonin soja guda 6 daga mutanen tsaunuka domin tsaron yankin, ya kuma umurci hafsoshinsu da su sa mayafan sojojin su yi kama da juna gwargwadon hali. A 1739 aka mayar da su runduna guda, wadda aka fi sani da Black Watch. Tatan nata, mai shuɗi da kore da baƙi, shi ne aka riƙa kira tatan na gwamnati.

Bayan an murƙushe tawayen 1745 a yaƙin Culloden na 1746, majalisar Biritaniya ta haramta wa mazan tsaunuka sanya kilti, amma ta keɓe sojojin sarki. Ba a soke wannan doka ba sai a 1782. Ke nan a tsawon waɗannan shekaru bariki ne ya zama mafakar wannan tufa.

Rassa da Masaƙa

Da aka kafa sababbin rundunoni, sai aka riƙa ƙara layi a kan tsarin gwamnati domin a bambanta su. Rundunar Gordon, wadda aka kafa a 1794, ta ƙara layi rawaya. Ta Seaforth ta ƙara ja da fari. Waɗannan biyu su ne daga baya aka ɗauka a matsayin tatan na dangin Gordon da na Mackenzie. Rundunar Cameron ta 1793 kuwa ta fito da nata tsari dabam.

Masaƙar Wilson ta garin Bannockburn ita ce babbar mai saƙa wa rundunoni, kuma littafin samfuranta na 1819 yana daga cikin manyan hujjojin da manazarta ke dogara da su. Bugu da ƙari, ziyarar Sarki George na Huɗu zuwa Edinbara a 1822, wadda marubuci Walter Scott ya tsara, ta sa manyan dangi suka yi ta neman tatan nasu. Masaƙa kuwa suka biya bukata, wani lokaci ta hanyar laƙaba sunan dangi a kan samfurin da ke hannunsu tun da.

Matsalar Neman na Ainihi

Wanda duk ke neman kiltin wata runduna, ko mai kula da gidan tarihi ne ko jikan tsohon soja, sunan tatan kaɗai ba zai wadace shi ba. Da farko sai ya san runduna da shekara, domin garambawul na 1881 ya haɗe rundunoni da dama, ya sauya wa wasu tufa. Na biyu, sai ya duba launi: rundunar Argyll da Sutherland ta sanya tsarin gwamnati ne, amma mai ɗan haske fiye da na Black Watch, kuma wannan mai hasken aka zaɓa wa sabuwar rundunar Sikotilan da aka kafa a 2006. Na uku, sai ya lura da ɗinki: yadin soja ya fi na farar hula nauyi, ana shirya tattararsa ta yadda layi guda zai bayyana a kowane ninki, kuma salon ninkin Black Watch ya saɓa da na Argyll. Rajistar tatan ta Sikotilan, wadda ta fara aiki a 2009, tana adana lissafin zaren kowane tsari da aka yi wa rajista.

Kammalawa

A taƙaice, ingancin tatan na soja yana rataye ne a kan tambayoyi uku: wace runduna, wace shekara, wane lissafin zare. Darasin da ke ciki ga mai nazarin al'adu shi ne, kafin a kira tufa gadon iyaye, ya kamata a bincika takardun hukuma da na masu sana'a, domin sau da yawa abin da ake zaton ya girmi tarihi yana da ranar haihuwa a rubuce.