Daga Audugar Kasuwar Jega zuwa Makaɗin Bakteriya: Tarihin Wani Bincike

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu bibiyi tarihin yadda masana suka gano sinadarin da ke ƙera zaren auduga. Za mu nuna cewa ba a gonar auduga aka fara samun amsar ba, sai a jikin bakteriya, watau ƙananan halittun nan da ido ba ya gani.

2.0 Auduga a Ƙasar Jega

Tun a ƙarni na 19 Jega ta shahara a daular Gwandu saboda kasuwarta, inda fatake kan haɗu da hajoji iri-iri, tufafi na daga cikin manyansu. Kamar sauran ƙasar Hausa, mata ne kan gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari, sa'an nan zare ya wuce hannun masaƙa da marina. Dukkan waɗannan sana'o'i sun dogara ne kan abu guda, wanda shi ne kimanin kashi 90 cikin ɗari na farin kaɗa. Masanin Faransa, Anselme Payen, shi ya ware shi daga tsirrai a 1838, aka sa masa suna selulos. Shi kuwa ba wani abu ba ne illa sukarin gulukos da aka jera dubbai, ɗaya na riƙe da ɗaya. Abin da ya rage a sani shi ne, me ke jera su?

3.0 Matakan Binciken

A 1886 Adrian Brown, a Ingila, ya duba yanar da ke tasowa a saman ruwan khal, ya tarar selulos ce, kuma wata bakteriya ce ke yin ta. Wannan ya ba masana sauƙi, domin renon bakteriya a kwalba ya fi renon shuka sauri. A 1958 Luis Glaser ya nuna cewa ko an farfasa bakteriyar, aikin ƙera selulos na ci gaba idan an ba da gulukos da aka shirya. Ashe ke nan akwai inzayim, watau sinadarin da ke gudanar da aikin. A nan za mu kira shi makaɗi.

A ɓangaren tsirrai kuwa abin ya faskara shekara da shekaru, don da zarar an fasa ƙwayar shuka sai makaɗin ya daina aiki. Ci gaba ya sake zuwa ta hanyar bakteriya. A 1987 Moshe Benziman da abokan aikinsa a Birnin Ƙudus suka gano sinadarin da ke tayar da makaɗin, a 1990 kuma aka gano ƙwayoyin gadon da ke ɗauke da tsarinsa. Da wannan tsari ne Deborah Delmer da abokan aikinta suka nemi makamancinsa a tsirrai, suka same shi a 1996, a cikin auduga. Shekara 110 ke nan bayan aikin Brown.

A 2013 Jochen Zimmer da ɗalibansa a Jami'ar Bajiniya ta Amurka suka fito da siffar makaɗin. Yana ɗaukar gulukos ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaurawa, yana tura zaren waje ta wata kafa a jikin fatar bakteriyar.

4.0 Kammalawa

Darasin da muka gani shi ne, tambayar da ta shafi babbar sana'a an amsa ta ne da binciken abin da ake rainawa. Selulos ɗin bakteriya tsabtatacce ne, mai riƙe ruwa. A ƙasar Filifin ana yin abinci da shi daga ruwan kwakwa, ana kuma amfani da shi wajen rufe ƙuna. Tun da an kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, muna ganin ya dace malamanta su gwada ko ragowar albasar Aliero da sauran amfanin gonar Maiyama da Jega za su iya ciyar da wannan bakteriya. Idan ba mu yi ba, wasu za su yi, mu kuwa mu sayi sakamakon da tsada.