Zaman Taimakon Juna Na Masu Son Barin Giya: Yadda Ake Nemansa Da Yadda Yake Gudana

A Kudu giya ba ɓoyayyen abu ba ce. A tasha, a bakin kara, a kusa da kasuwa, ogogoro da 'yar leda suna nan kamar ruwan sha. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu 'yan ci-rani sun fara ne da wasa, ko don sanyi, ko don gajiyar lodi, har abin ya zame musu jiki. Babbar matsalar ita ce kunya. Bahaushe mashayi ba ya iya faɗa wa liman, ba ya iya faɗa wa Sarkin Hausawa, balle labari ya kai gida. To akwai wurin da ake zuwa ba tare da an tona asirin mutum ba.

Mene ne wannan zama?

Taro ne na mutanen da giya ta taɓa kayar da su, suna haɗuwa suna ƙarfafa wa juna gwiwa. Wanda ya fi shahara shi ne na ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato AA. An kafa ta a 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, lokacin da wasu mashaya biyu, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka lura cewa hira da wanda ya san ciwon tana hana mutum komawa. Tsarinsu yana da matakai 12, kuma matakin farko shi ne mutum ya yarda giya ta fi ƙarfinsa. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak: niyyar dainawa. Ba rajista, ba kuɗin shiga. Akan zagaya da abin tara gudummawa, wanda ba shi da shi ba a tambayarsa.

Ta ina za ka samu?

Hanya mafi sauƙi ita ce asibiti. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba a Legas, Aro a Abekuta, Uselu a Benin, da na Inugu da Kalaba duk suna kula da masu shaye-shaye. Ka nemi ganin likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, ka tambaye shi ko akwai zaman masu barin giya a kusa. Zuwa can ba ya nufin ka haukace.

Hanya ta biyu wayarka ce. Ka rubuta sunan AA da sunan garin da kake a intanet. Idan babu a garinku, akwai zaman da ake yi ta Zoom a kowane lokaci na yini, kuma kana iya rufe kyamara ka saurara kawai. Wannan ya dace da masu bin tirelar shanu, yau Legas gobe Lokpanta.

Me za ka tarar?

Yawanci zaman awa guda ne. Sunanka na farko kawai za ka faɗa. Mutane na ba da labarinsu ɗaya bayan ɗaya, ba mai katse wani, ba mai yi wa wani wa'azi. In ba ka son magana, ka ce yau saurare ka zo yi, shi ke nan. Abin da aka faɗa a ɗakin, a nan yake tsayawa. Zaman iri biyu ne: na buɗe, wanda ɗan'uwa ko aboki zai iya raka ka, da na rufe, na masu matsalar kaɗai. A Kudu mafi yawa da Turanci ko Buroka ake yi, don haka in Turancinka bai nuna ba, fara da na buɗe tare da wanda ka amince da shi.

Bayan 'yan zama, za ka zaɓi wani da ya daɗe da dainawa ya zama jagoranka, wanda za ka kira idan sha'awar ta taso. Ba a ce ka yi alkawarin shekara ba. Na yau kawai za ka riƙe, gobe ka sake.

Maganar addini fa?

Wasu zaman a zauren coci ake yinsu saboda samun wuri, amma AA ba ta ƙarƙashin wani addini. Suna maganar dogaro da Wanda ya fi ka ƙarfi, Musulmi kuwa ya san Allah ne. In an karanta addu'ar da ba taka ba, ka yi shiru ka yi taka. Musulmin Amurka ma suna da irin nasu tsarin, Millati Islami.

Gargaɗi

Wanda ya daɗe yana sha kullum kada ya yanke lokaci guda ba tare da likita ba. Karkarwa da gumi kan fara cikin awa 6 zuwa 24, wani kuma ya kai ga farfaɗiya da gane-gane a kwana na biyu ko na uku, kuma hakan na iya kisa. Ba aljanu ba ne, asibiti za a kai shi da gaggawa. Zaman taimakon juna ba ya maye gurbin magani.

Wanda ya zame ya sake sha, ba a korarsa. Ya koma zama na gaba. Mata da iyaye kuma suna da nasu zaman, Al-Anon. Allah Ya shirye mu, Ya rufa mana asiri.