Jirgin Davoust da kalmar da ta ciyar da shi

Mu ƴan Filinge (Hilinge a bakinmu) ba mu san jirgin ruwa ba, sai amalanke da jaki. Amma kwarin da muke noman hatsi a cikinsa, Dallol Boso, tsohon kogi ne da ya ƙafe. In ka bi shi kudu ta Baleyara, zai kai ka Bumba, inda yake haɗuwa da kogin Isa. Ta nan ne wasu jirage uku suka wuce a 1896, kuma zaman da aka yi a cikinsu shi nake so mu duba.

Shugaban tafiyar wani hafsan sojan ruwa ne na Faransa, Hourst. Babban jirginsa, Davoust, na alminiyom ne, guntu-guntu aka ɗauko shi daga Faransa aka haɗa. Ba inji. In iska ta samu a ɗaga zane ta tura, in babu sai damtsen matuƙa ƴan Senegal. A watan Janairu suka taso daga Kabara, tashar Tumbutu. Anasara biyar ne a ciki, har da likita, Taburet, da wani fada, Hacquard. Suna auna zurfin ruwa, suna zana taswira, suna rubuta sunan kowane gari. A duwatsun Labezanga jiragen sun sha duka.

To, me ake ci a jirgi? Abin da mutanen gaɓa suka yarda su sayar, ba ƙari. Nan ne zancen ya shafe ni, ni da nake karatun harsuna. Shekara 90 kafin su, Mungo Park ya bi wannan ruwa da jirginsa Joliba, ya ƙi sauka ya gai da sarakuna, duk kwalekwalen da ya matso sai harbi. A Busa ya ƙare. Hourst bai yi haka ba. Ya ji cewa har yanzu ana tuna Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, sai ya ce ai shi ɗan ɗan'uwansa ne. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta buɗe masa hanya a ƙasar Buzaye. Hacquard kuma ya iya Larabci, yana kuma tattara kalmomin Sonrai, yaren da ke ɗan'uwan Zabarmanci.

A Sayi dabara ta ƙi ci. Sarkin garin bai so zamansu ba, sai suka koma wani tsibiri kusa, suka yi shinge suka kira shi Fort Archinard. Daga Afrilu har Satumba suna nan, ga damina, ga sauro, ga jita-jitar za a kawo hari. Da ruwa ya cika suka sake hawa, suka wuce bakin kwarinmu, suka tsallake duwatsun Busa har teku.

A 1897 littafin koyon Sonrai na Hacquard da Dupuis ya fito, kuma gaskiya ɗalibi irina ba zai raina shi ba. Sai dai taswirar kogin ma ta isa Faransa. A farkon 1899 Voulet ya gangaro da jirage ta wannan ruwa, ya haɗu da Chanoine, suka ƙone Sansane Hausa. Shi bai ce shi ɗan'uwan kowa ba ne. Ba a daɗe ba aka kafa bariki a Filinge.