Lu'ulu'u da Masu Nutso a Tekun Fasha

Kalmar lu'ulu'u tana daga cikin kalmomin da marubuta waƙoƙin Hausa ba sa gajiya da su. Da ita ake yabon budurwa, da ita ake kwatanta ilimi da magana mai daraja. Amma da na taɓa tambayar ɗalibaina a aji ko mene ne ainihin lu'ulu'u, mafi yawansu sai suka ce wani dutse ne mai ƙyalli da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, wato suna nufin daimon. Ban ga laifinsu ba, domin haka ma'anar ta karkata a bakin jama'a. Asalin kalmar dai Larabci ce, kamar 'yar'uwarta murjani, kuma a tare aka ambace su cikin Suratur Rahman a matsayin abubuwan da ke fitowa daga teku. Murjani ya ƙetaro Sahara har ya hau wuyan amarenmu. Shi kuwa lu'ulu'u, sunansa ya riga shi isowa, kuma har yau sunan ne kawai a hannun mafi yawanmu.

Lu'ulu'u na haƙiƙa ba a haƙo shi. Wata halittar ruwa ce mai ɓawo biyu, dangin makankarin da ake tsinta a bakin kogunanmu, wadda ake kira kawa, take samar da shi cikin jikinta. Idan wani abu ya kutsa ya ji wa tsokarta ciwo, sai ta riƙa lulluɓe wurin da irin sinadarin nan mai sheƙi da take shafe cikin ɓawonta da shi, shafi bisa shafi, har na tsawon shekaru. An daɗe ana cewa ƙwayar yashi ce ke haddasa wannan, amma masana sun nuna galibi tsutsa ce ko wani rauni. Abin lura shi ne ba kowace kawa ke yi ba. Sai a fasa ɗaruruwa ba a dace da ko ɗaya ba, balle mai girma, mulmulalle, marar tabo. Wannan ƙaranci shi ne tushen darajarsa. Sauran duwatsun ado sai an sassaƙe su an goge kafin su yi kyau, shi kuwa da kyawunsa yake fitowa.

Babu inda tarihin wannan abu ya yi zurfi kamar Tekun Fasha. A shekarar 2019 aka bayyana wani lu'ulu'u da masu tonon kayan tarihi suka samu a tsibirin Marawa na Abu Dabi, wanda aka ƙiyasta ya kai shekara 8,000. Filini, marubucin Rumawa da ya rasu a shekarar 79 Miladiyya, ya ɗora lu'ulu'u bisa kan duk wani abu mai tsada, kuma shi ne ya kawo labarin nan na Kiliyofatara, sarauniyar Masar, wadda aka ce ta narkar da lu'ulu'un ɗan kunnenta cikin ruwan tsami ta shanye don ta ci caca. Ibn Batuta ma, wanda ɗaliban tarihinmu suka sani saboda ya je Takedda a 1353 har ya ambaci Gobir, ya bayyana yadda ake nutso a wajejen Baharain, da yadda masu nutso ke toshe hanci da ƙoƙon kunkuru, da yadda sarki ke karɓar kashi ɗaya cikin biyar. Sai dai ya ce wasunsu kan yi sa'a ɗaya ko biyu a ƙarƙashin ruwa, wanda wannan kam ƙarin gishirin matafiyi ne.

Sana'ar ta kai ƙololuwarta ne a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Wani jami'in Ingila mai suna Lorima, wanda ya tattara bayanai kan yankin a wajejen 1907, ya ƙidaya jirage kimanin 4,500 da mazaje kimanin 74,000 da ke fita nutso. Garuruwan da a yau ake jin sunansu da dukiyar man fetur, irin su Kuwait da Doha da Dubai da Abu Dabi da Manama, a wancan zamani kusan duk abincinsu yana cikin bakin kawa ne. An ruwaito cewa a 1863 Shehu Muhammadu bin Sani na Katar ya shaida wa wani matafiyi Bature cewa su duka, babba da yaro, bayin ubangida ɗaya ne, kuma ubangidan nan lu'ulu'u ne.

Ya kamata mai karatu ya san yadda aikin yake, domin a nan ne maganar take. Babban nutso yakan ɗauki kimanin wata huɗu, daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da ruwa ya yi ɗumi, zafin rana kuwa ya kai intaha. Kowane jirgi yana da shugaba, wanda suke kira nahuda, da masu nutso, da masu jan igiya, da yara masu hidima, har da mawaƙi wanda aikinsa shi ne ya riƙa ba su ƙarfin zuciya. Mai nutso yakan maƙala matoshin hanci, ya sa 'yan huluna na fata a kan yatsunsa don kada ɓawo ya yanke shi, ya rataya kwando a wuya, sa'an nan ya taka igiya mai dutse ta luma da shi ƙasa, zurfin mita 10 zuwa 20. Abin da numfashi ɗaya ya ba shi dama, wato minti ɗaya ko ɗan fiye, shi ne lokacin aikinsa. Idan ƙirjinsa ya cika sai ya girgiza igiya, abokinsa da ke sama ya fizgo shi. Ran nan ransa yana hannun mai jan igiya, in ya yi sakaci shi ke nan. Haka zai yi ta yi sau hamsin ko fiye daga hantsi zuwa faɗuwar rana, bisa 'yan ƙwayoyin dabino da gahawa, domin cikakken ciki ba ya nutso. Sai da dare za a ci shinkafa da kifi. Washegari da asuba a fasa kawar da aka tara a gaban nahuda, wanda shi kaɗai ke adana abin da aka samu. Ciwon ido da kurumta da ƙurajen fata su ne ladan tsufa a wannan sana'a. A 1925 kuma wata guguwa ta afka wa jiragen cikin dare ta halaka jama'a masu yawa, har mutanen yankin suka sa wa shekarar sunan shekarar nutsewa.

Duk da wannan wahala, ba teku ce ta fi cutar mai nutso ba, bashi ne. Ba a biyansa albashi, kaso yake da shi cikin ribar jirgi bayan an fitar da kuɗin abinci da na mai jirgi da na attajirin da ya ba da jari. Kafin a fita nahuda yakan ba shi rance ya bar wa iyali, haka ma lokacin sanyi da ba a aiki. Littafin lissafi yana hannun nahuda, mai nutso kuwa galibi bai iya karatu ba. Muddin da bashi a kansa ba shi da ikon komawa wani jirgi, in ya mutu kuma ɗansa ya gaji bashin ya gaji igiyar. Bugu da ƙari, kaso mai yawa na masu nutson baƙar fata ne, bayi ko 'ya'yan bayi da aka kwaso ta gabashin Afirka, kuma kason bawa aljihun ubangidansa yake shiga. A ganina duk wanda zai rubuta tarihin lu'ulu'u ya tsallake waɗannan mutane, tarihin kanti ya rubuta.

Daga hannun nahuda lu'ulu'u yakan shiga hannun dillalai, daga nan sai Bombai, inda ake tantance shi a huda shi a shirya a zare, sa'an nan ya wuce fadojin sarakunan Indiya ko kantunan Faris da Landan. A 1865 sarkin Baroda ya sa aka saƙa wata shimfiɗa da ƙananan lu'ulu'u fiye da miliyan ɗaya da niyyar kai ta kabarin Manzon Allah a Madina, amma ya rasu niyyar ba ta cika ba. Shimfiɗar tana gidan tarihin ƙasar Katar yanzu. A Amurka kuwa, inda sababbin attajirai ke gasar nuna arziki, a 1917 kamfanin Cartier ya karɓi wani katafaren gida a birnin Niyu Yok a madadin sarƙar lu'ulu'u mai zubi biyu da aka yi wa kuɗi dala miliyan ɗaya, domin matar mai gidan ta ƙyalla ido a kanta.

A daidai wannan lokaci, can a Japan, wani ɗan mai sayar da taliya ya riga ya haƙa wa wannan kasuwa rami. Kokichi Mikimoto, haifaffen garin Toba a 1858, ya yi shekaru yana gwajin cusa wa kawa wani abu da gangan don ta lulluɓe shi. A 1893 ya samu na farko, mai siffar rabin ƙwallo. Dabarar samar da mulmulalle kuwa wasu 'yan ƙasarsa biyu, Mise da Nishikawa, su ne suka gano ta a farkon ƙarni na 20, amma Mikimoto ne ya mayar da ita kasuwanci. Da lu'ulu'un kiwo ya bayyana a Landan da Faris bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, dillalai suka yi ca a kansa, suka ce jabu ne. Magana ta kai kotu a Faris, masana suka ba da shaida cewa kawa ce ta yi shi kamar yadda take yin na teku, bambancin kawai wanda ya fara tsokanarta. Ido ba ya rarrabe su, kuma farashin na kiwo bai kama ƙafar na teku ba.

Daga nan sai karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta zo ta kwashe masu saye. Attajiran Baharain da Kuwait suka wayi gari da jakunkunan lu'ulu'un da ba mai taya su, jirage suka ruɓe a bakin gaɓa, yunwa ta shiga gidaje, musamman a Katar da garuruwan gaɓar da ta zama Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Iyayengiji suka kasa ciyar da bayinsu, bayi da yawa suka nufi ofisoshin Ingila suna neman takardar 'yanci. A Baharain an riga an yi gyara tun wajejen 1924, aka ba kowane mai nutso littafin lissafinsa, aka hana gadon bashi, amma da aka rage yawan rancen da ake ba su, sai masu nutson da kansu suka yi bore a watan Mayu na 1932, domin da rancen nan iyalinsu ke ci. A watan Yuni na wannan shekara aka tono man fetur a Baharain, Kuwait da Saudiyya suka biyo baya a 1938, mazaje suka bar igiya suka nufi rijiyoyin mai.

A yau kusan duk lu'ulu'un da ke wuyan mata a duniya na kiwo ne, kuma mafi yawansa daga tafkunan ƙasar Sin yake fitowa. Baharain ta hana cinikin na kiwo a kasuwanninta, kuma a 2012 hukumar UNESCO ta sa tsofaffin gidajen attajiran lu'ulu'u na Muharrak da wuraren nutso uku cikin jerin kayan tarihin duniya. Ita kuwa sarƙar nan da aka ba da gida dominta, an yi gwanjonta a 1957 bayan rasuwar mai ita, aka sayar a kan kimanin dala 150,000. Kantin Cartier yana nan a cikin gidan har yanzu.