Kwalin Da Ke Tsakanin Hoto Da Gilashi

Mai kawo hoto a sa masa a firam katako yake dubawa, ya shafa, ya tambayi kuɗi. Mu da muke aikin kuwa hankalinmu yana kan kwalin nan da ake yanke wa taga a tsakiya, a ɗora kan hoton kafin gilashi ya hau. A nan ake gane gwani da ɗan koyo.

Ado ya riga taga zuwa. A Italiya ta ƙarni na 16, Giorgio Vasari ya tara zane-zanen magabata, ya manna su a manyan shafuka, ya kewaye su da ginshiƙai da ƙofofi na alƙalami. Amma wanda har gobe muke cin moriyarsa shi ne Pierre-Jean Mariette, dillalin zane na birnin Paris, wanda ya rasu a 1774. Yakan ɗora zane a kan shuɗin kwali, ya zagaye shi da siririn zinari da layukan tawada, ya rubuta sunan mai zanen a ƙasa. An yi gwanjon kayansa a 1775 sun watsu a duniya, amma duk inda ɗaya ya ɓulla, shuɗin nan kan faɗi hannun da ya fito.

Daga irin wannan aiki ne aka sami abin da muke kira kwalin Faransa: layuka sirara a jere, da tsarmin fenti mai ruwa-ruwa kwance a tsakaninsu. A ido ba wuya. Sai ka ɗauki buroshi. Dole ka zagaye kusurwa huɗu kafin inda ka fara ya bushe, in ba haka ba tabo ya fito a mahaɗa, kwali ya tashi a banza. Layukan ma, in ɗaya ya zarce ɗan'uwansa a kusurwa ko da da kaurin gashi ne, ido zai bar hoton ya je can ya tsaya.

Ita taga, larura ce ta kawo ta. A tsakiyar ƙarni na 19 ma'aikatan gidan tarihi na British Museum a Landan suka ga zanen da ake jibgewa a akwatuna yana gogar juna, sai suka nutsar da kowanne cikin kwali mai kauri, aka karkata bakin yankan don kada ya yi wa hoton inuwa. Karkatar digiri 45 ce muke yi har yanzu.

Sai kuma araha ta shigo da masifa. Daga shekarun 1840 aka fara yin takarda da niƙaƙƙen itace, kwali ya yi sauƙin kuɗi, masu firam suka rungume shi. Itace yana da asid. Bayan shekaru bakin tagar yakan koma ruwan ƙasa, ya ƙona hoton daidai inda ya taɓa shi. Shi ya sa gidajen tarihi suka tsaya kan kwalin auduga zalla, suna rataye hoto da takardar Japan da kunun sitacin alkama, wanda ɗan danshi ke saki ba tare da ɓarna ba. Ko siririn katakon ado da ake sakawa a bakin taga, sai an rufe bayansa kada ya taɓa takarda.

Da injin yanka mai kwamfuta ya yaɗu a shekarun 1990, aka shiga yayin kwali hawa uku, kowanne da launinsa, ga furanni ga zayyana. Ni ban ga ci gaba a nan ba. Adon Mariette cikin zane yake tura ido, wannan kuwa kishiya yake yi wa hoton.

Mu namu ciwon daban ne. A yawancin shagunanmu hoton biki ko satifiket kai tsaye ake kifa shi a gilashi, a liƙe da salatif. Damina na zuwa danshi ya taru, fuskar hoton ta manne, ranar da aka zo cirewa rabinta ya bi gilashin. Idan za ka kai takardar da ba ka da kwafinta, ka ce a sa kwali marar asid a tsakani, ko da fari ne ba layi ko ɗaya.