Nauyin da ya dace da mace: yadda ake gane shi

Hukumar Lafiya ta Duniya tana auna dacewar nauyin baligi da ma'aunin BMI: a raba nauyinsa na kilo da tsawonsa na mita, a sake raba sakamakon da tsawon. Abin da ya faɗo tsakanin 18.5 da 24.9 shi ne daidai. Ke nan mace mai tsawon mita 1.6 nauyinta ya kamata ya tsaya tsakanin kilo 47 da 64.

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa da Bichi, inda gona ke manne da gona, rama ma abin tsoro ce. Jikin mata yakan zabge da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, musamman masu shayarwa. Ma'aunin bai shafi mai juna biyu ba. Ita damtsenta ake aunawa, kuma ƙasa da santimita 23 alama ce ta ƙarancin abinci mai gina jiki.

Su kuwa ƙwayoyin sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu ke ɗauke da sinadarin deksametason, kumburi suke kawowa, kuma suna iya jawo hawan jini da ciwon suga.