Sai Masu Gida: Tarihin Kano Pillars da haƙƙin baƙo

A filinmu na tarihi na wannan mako mun leƙa Kano, mun ɗauko labarin ƙungiyar ƙwallon ƙafar nan da ake yi wa kirari da "Sai Masu Gida", wato Kano Pillars. Ga abin da shirin ya ƙunsa, domin wanda yake daji da dabbobi ko yake kan hanya lokacin da aka watsa shi.

Mu 'yan Zango ba sai an fassara mana kalmar maigida ba. Tun zamanin da fatake ke tasowa daga Kano da Katsina su ratsa ƙasar Mosi su nufi Gwanja sayen goro, kowane ayari yana da maigidan da yake sauka a wurinsa. Shi zai ba ka masauki, ya ajiye maka kaya, ya nemo maka mai saye, in rigima ta tashi ya tsaya maka. Har gobe haka abin yake a kasuwar shanu ta Puitenga da ta Fada. Ku riƙe wannan a zuciya, don labarin Pillars kusan duk a kansa yake tafiya.

Kano ta san ƙwallo tun kafin a haifi Pillars. A 1953 tawagar Kano ta ci babban kofin ƙasa, lokacin Turawa ba su tafi ba. A 1978 kuma Raccah Rovers ta Kano ta zama zakaran Nijeriya. To amma ƙungiyoyin wancan zamani na ma'aikatu ne da kamfanoni. Ɗan wasa ma'aikaci ne, da safe yana wurin aiki, da yamma ya ɗaura takalmi. In kamfani ya karye, ƙungiya ta bi shi.

A 1990 Nijeriya ta buɗe gasar ƙwararru, inda ƙwallo ta zama sana'a mai albashi. Kano ta duba ta ga in ta shiga a rarrabe ba za ta kai labari ba. Sai aka haɗa ƙungiyoyi uku: WRECA, ta hukumar ruwa da gina madatsai ta jihar, da Kano Golden Stars, da ta Bank of the North. Aka narka su wuri guda, aka raɗa wa jaririyar suna Kano Pillars, ma'ana ginshiƙan Kano. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan wannan haɗi. Gwamnatin jiha ce mai ƙungiya, ita ke biyan albashi. Rigarsu rawaya da kore, gidansu filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata.

Shekara 18 suka yi suna nema kafin su ɗaga kofin gasar ƙasa. A 2008 ne abin ya faɗo, ƙarƙashin mai horarwa Kadiri Ikhana. Wannan kofi shi ya buɗe musu ƙofar gasar zakarun Afirka ta 2009, inda suka yi abin da har yau ake ba yara labari. Ƙuri'a ta haɗa su da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin a lokacin, ƙungiyar su Abutrika. Aka yi 1 da 1 a Nijeriya, kowa ya ce ai shi ke nan, Alƙahira za a je a yi jana'iza. Sai ga shi an tashi 2 da 2. A dokar wancan lokaci, in an yi kunnen doki, wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawa shi ke wucewa. Haka Al Ahly ta fita, Pillars ta wuce. A rukuni suka haɗu da Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, suka fito. Sai a wasan kusa da na ƙarshe 'yar'uwarsu Heartland ta Owerri ta tare su, 4 da nema a can, 1 da nema a Kano.

A daidai wannan lokaci wani yaro ɗan Jos, Ahmed Musa, ya shigo ƙungiyar. A kakar 2009 zuwa 2010 ya zura ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar, daga nan Holan ta ɗauke shi, sai Rasha, sai Ingila, sai Saudiyya. Mutanen Wagadugu ba za su manta da shi ba. Ran 10 ga Fabrairun 2013, da Nijeriya ta ci Burkina 1 da nema a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Johannesburg, yana cikin tawagar Nijeriya, shi da Reuben Gabriel wanda a lokacin ɗan Pillars ne. A Zango dai ranar, wani gidan miji na murna mata na kuka, don jini ya haɗu ta ko'ina.

Daga nan sai shekarun cin kasuwa. Pillars ta ɗauki kofin ƙasa sau uku a jere: 2012 da 2013 a hannun Mohammed Baba Ganaru, 2014 a hannun Okey Emordi. Sunayen Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, da Gambo Mohammed suka shiga bakin kowa. Sirrin kuwa gida ne. Daga 2003 har zuwa Agustan 2015, wasa 202 a jere, ba wata ƙungiya da ta zo Kano a gasar ƙasa ta tafi da nasara, sai da Nasarawa United ta ci su 2 da 1. Shekara 12 ke nan. Yaron da aka haifa a farkon abin har ya isa kora garke shi kaɗai.

Me ya kawo haka? Na farko jama'a. Filin Ƙofar Mata kan cika maƙil tun kafin la'asar, 'yan Kantin Kwari da Kurmi da Sabon Gari su rufe shago su taho, ganga na tashi. Na biyu hanya. Baƙon da ya taso daga Fatakwal ko Legas a mota ya iso a gajiye, ga zafin rana ko hunturu da bai saba ba. Na uku, kuma gaskiya ɗaya ce, a gasar Nijeriya ta wancan lokaci cin wasa a waje abu ne mai wuya ga kowa, don alƙalin wasa ma mutum ne, yana duban ƙofar da zai fita.

Ita hanyar nan ba ta bar Pillars ba. A watan Maris na 2015, suna tafiya Owerri buɗe kakar wasa, 'yan fashi suka buɗe wa motarsu wuta a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja. 'Yan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo Mohammed. Duk wanda ya taɓa rako tirelar shanu zuwa kudu ya san wannan fargaba. Ɗan ƙwallo ma matafiyi ne, abincinsa na kan kwalta.

A waje kuwa ƙarfin gida bai bi su ba. Bayan 2009 ba su sake kaiwa matakin rukuni a gasar zakarun Afirka ba. A 2019 sun ci Asante Kotoko 3 da 2 a Kano, suka je Kumasi aka ba su 2 da nema, suka dawo. A kofin ƙalubale ma sun sha ɗaci: a wasan ƙarshe na 2018 a Asaba suna gaban Rangers ta Inugu da 3 da nema, aka rama duka, aka cinye su a bugun fenariti. Shekara na zagayowa suka share hawaye a Kaduna, suka doke Niger Tornadoes a fenariti, kofin ya zo Kano.

Yanzu ga inda maganar maigida ta dawo. An ɗauki lokaci Pillars na buga wasanninta na gida a Kaduna saboda filin Kano bai cika ƙa'ida ba. A watan Afrilun 2022 aka dawo da su gida, baƙin ranar kuwa maƙwabta ne, Katsina United. Wasa na tafiya babu ci, sai wasu 'yan kallo suka ɓalle suka shiga fili, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ci tarar ƙungiyar naira miliyan 9, ta zabtare mata maki uku, ta mayar da wasanninta Abuja. Kafin kaka ta ƙare aka sake cire wasu maki ukun saboda an taɓa mataimakin alƙalin wasa. Ƙarshenta ƙungiyar da ta fitar da Al Ahly ta gangara rukuni na biyu. Abin mamaki, Katsina United ma tare suka faɗa, kuma a 2023 tare suka hauro. Faɗan da bai ƙari kowa da komai ba.

Da an ce darasi ya shiga. Ahmed Musa ya dawo gida ya sake saka rigar, a 2025 gwamnatin jiha ta ba shi ragamar gudanar da ƙungiyar. Amma a watan Oktoban shekarar, bayan wasa da Shooting Stars ta Ibadan, aka sake afka wa alƙalai da baƙi, aka sake cire maki, aka kori Masu Gida daga gidansu. Ina aka tura su? Katsina. Mutanen da aka fasa wa mota su ne suka ba su masauki.

A zango, maigidan da aka daki baƙonsa a zaurensa ba ya buƙatar hukuncin alƙali. Labari zai riga shi isa Salaga, baɗi ayari ya sauka a gidan wani. Kano Pillars ta tara kofin ƙasa huɗu da kofin ƙalubale ɗaya, kuma jama'arta ce ta ɗora ta a can. Ita dai wannan jama'a, in tsiraru daga cikinta suka manta haƙƙin baƙo, cikin minti goma sukan zubar da abin da 'yan wasa suka yi wata tara suna tarawa.

Don haka 'yan'uwa, ko a filin 4 ga Agusta kuke ranar da EFO ta haɗu da ASFA, ko a filin unguwa inda yaranmu ke buga ƙwallon tsumma, in baƙo ya ci ku, ku raka shi tasha lafiya. Mako mai zuwa ku ne a gidansa.

Masu son tofa albarkacin bakinsu su aiko mana saƙo kamar yadda aka saba. Allah ya kiyaye hanya, ya albarkaci garke da kasuwa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.